Amsa Ga Alhajin Da Ɗansa Ya Ƙi Aikin Banki

A cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata akwai ta wani Alhaji mai sayar da yadi a Kano, wadda muka ga ya kamata mu jingine abin da muka shirya mu amsa ta, domin mun tabbata ba shi kaɗai ke cikin wannan damuwa ba. Ya ce ya ɗauki nauyin karatun ɗansa har ya gama digiri na biyu a fannin tattalin arziki, aka samo masa gurbi a banki, sai yaron ya ce ya fi son wani aiki da wata cibiyar bincike ta ba shi a Abuja, watau nazarin manufofin makamashi mai tsabta da wayar da kan jama'a game da sauyin yanayi. Alhaji ya ce shi dai bai gane wannan sana'a ba: ba a saye, ba a sayarwa, ba a gini, ba a duba maras lafiya. Abin da ya fi tsaya masa a rai kuwa shi ne, ruwa da iska da zafi duk na Allah ne, to yaya ɗan Musulmi zai mai da jayayya da hukuncin Ubangiji hanyar cin abincinsa? Ya rufe da cewa ya ji kuɗin irin waɗannan wurare daga Turai su ke fitowa.

To, Allah Ya saka wa Alhaji da alheri da ya tambaya kafin ya yanke hukunci. Za mu fara da maganar tauhidi, don ita ce uwa.

Babu Musulmin da ke shakkar cewa Allah ne ke saukar da ruwa, Shi ke riƙe shi. Amma Allahn nan da Ya ƙaddara abu, Shi ne Ya sanya masa sababi, kuma neman sanin sababi bai taɓa zama jayayya da ƙaddara ba. Sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya tarar da labarin annoba a hanya, shawara ya yi da sahabbai sa'an nan ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi, sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah ta ke. Mafi kusa da maganarmu kuwa shi ne labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da ya san shekaru bakwai na yalwa za su zo, bakwai na fari su biyo baya, bai ce wa mutanen Masar su naɗe hannu ba. Ya tsara musu yadda za su yi noma, da yadda za su ajiye hatsin a zangarniyarsa, da ɗan abin da za su ci, daga baya kuma ya nemi a ɗora shi bisa taskokin ƙasa. Ba shi ya riƙe fartanya ba, ba shi ya gina rumbuna ba. Nasa shi ne lissafi da tsari, kuma da wannan Allah Ya tserar da al'umma daga yunwa. Aikin da ɗan Alhaji ya zaɓa, in an cire masa sunan boko, daga wannan gida ya fito.

Shi sababin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun da Turawa suka soma ƙona kwal a masana'antu, daga baya man fetur da gas suka biyo, hayaƙin da ke fita yana taruwa a sararin sama yana tare zafin da ya kamata ya fice. Iskar da ake kira kabon ta tashi daga wajen kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420, duniya kuma ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye ma'auni. Afirka duka, da yawan jama'arta, abin da ta ke fitarwa daga ƙona mai bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma wahalar ba ta tsallake mu ba. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ba mu ce kowace masifa hayaƙin Turawa ne ya kawo ta ba. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, kuma a yawancin ambaliya akwai laifin magudanar da muka toshe da shara da madatsar da aka bari ba gyara. Rarrabe wannan daga wancan, a san inda za a kai ƙara da inda za a kama kai, shi ma aikin mai bincike ne.

Mu zo ga ko sana'a ce. Mai ɗora farantin sola a bisa rufi, kowa ya san aikinsa. Wanda ba a gani shi ne wanda ya zauna ya lissafa ko ya kamata a ɗora wa farantin harajin kwastan, da nawa za a sayar da wutar a ƙauye, da wanda zai biya in batir ya mutu bayan shekara biyar. Alhaji ya san ɗacin irin wannan lissafi ko da bai san sunansa ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin man fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma duk mai janareta a Kantin Kwari ya ji a jikinsa. A Afrilu 2024 aka ninka kuɗin wutar masu rukunin farko har fiye da sau uku. A Oktoba na wannan shekara ta 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, saboda manyan layukan da ke kawo mana wuta sun lalace. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba wutar da sau da yawa ba ta wuce megawat 5,000 ba, mutum fiye da miliyan 80 ba su da ita sam. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura, takarda ce wani ya rubuta, wani ya sa hannu, ko kuwa takardar da ya kamata a rubuta ba a rubuta ba. In babu namu a wurin rubutun, da wa za mu yi kuka?

Ga ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan fili, akwai abin lura. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu su tsara kasuwar wuta a cikin iyakarsu. Iko ne babba, amma ba ya amfani sai da mutanen da suka san yadda ake ƙayyade farashi da yadda ake rubuta yarjejeniya da kamfani ba tare da an cuci jiha ba. Haka nan dokar sauyin yanayi ta 2021 ta kafa majalisa ta ƙasa a kan wannan batu, kuma a taron Gilasgo na wannan shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da ta ke fitarwa da wanda ta ke shanyewa. Alkawari kaya ne. Ilmin da al'umma ba ta iya tsayuwa sai da shi, malamai sun ce farilla ce ta kifaya: in wasu sun ɗauke, an sauke wa saura, in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi.

Kada kuma a zaci baƙon abu ne a ƙasarmu. A Nijar an yi Malam Abdu Mumuni, masanin kimiyya wanda ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasar shekaru da yawa tun kafin duniya ta waiwayi wannan fanni. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai ke amsawa. A Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun farkon shekarun 1980. Hajiya Amina Muhammad daga kujerar ministar muhalli ta tafi ta zama mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne na manoman Maraɗi da Damagaram. Daga shekarun 1980 suka soma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake tofo a gonakinsu, suna sassabe su maimakon tumɓuke su, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo. Cikin abin da ya ƙarfafa su akwai sassaucin da aka samu a dokar daji, har manomi ya sakankance cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, ba na malamin daji ba. Wannan fa gyaran doka ne, ba injin da aka sayo.

Saura maganar kuɗin Turawa, kuma a nan ba za mu ce Alhaji ya yi kuskure ba. Gaskiya ne yawancin cibiyoyin nan da tallafin waje su ke tafiya, kuma wanda ke ba ka tuwo yana son a yi miyar da ya ke so. Mun halarci tarurruka a manyan otal inda aka yini ana magana a kan manomi da Turanci, ba manomi ko ɗaya a zauren, aka raba kuɗin zama aka watse. Karɓar albashi daga wanda ba Musulmi ba a kan aikin halal ba laifi ba ne. Inda hatsarin ya ke shi ne ranar da za a ce wa mai bincike ya ƙara adadi ko ya rage don rahoto ya yi wa mai ba da kuɗi daɗi. Wannan shaidar zur ce, ko da an buga ta a takarda mai sheƙi, kuma tana cikin manyan zunubai. Akwai kuma wurin da bukatarmu da ta masu tallafin ke rabuwa. Wasu ƙasashen da suka yi arziki da kwal suna so a daina ba da rance ga duk aikin gas, alhali matanmu na girki da itace da gawayi, hayaƙi na cin idonsu da huhunsu, daji kuma na ƙarewa. A gare mu tukunyar gas ci gaba ce, ba koma baya ba. Mai fafutukar da ba zai iya faɗin haka a gaban wanda ke biyansa ba, ya zama ɗan aike kawai.

Wani gurbi kuma da ya ke kusan babu kowa a ciki shi ne na haɗa wannan ilmi da fiƙihun mu'amala. Injin ban ruwa mai aiki da rana ya fi na fetur sauƙi in an daɗe ana amfani da shi, amma kuɗin sayensa a dunƙule ya fi ƙarfin mai noman rani, rancen da ake tallata masa kuwa mai ruwa ne. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10 da 'yan kai, a shekarar kuma ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 don hanyoyi. Indunusiya ta haɗa biyun a 2018, ta fitar da sukuk na ayyukan muhalli na dala biliyan 1.25. Yaron da ya karanta tattalin arziki, ya kuma zauna gaban malami ya san murabaha da ijara da wakafi, zai iya tsara yadda ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin masallaci za su mallaki wutar rana ba tare da riba ba. Ɗan Alhaji ya tashi a gidan ciniki; wannan gado ne da abokan aikinsa da yawa ba su da shi.

Ba za mu ɓoye wa Alhaji aibin aikin ba. Galibi kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, babu tabbacin sabuntawa, kuma a 2025 da Amurka ta rufe yawancin ayyukan tallafinta na waje, ma'aikata da dama a ƙasar nan sun wayi gari ba aiki. Saboda haka mu ke ba yaron shawara ya riƙe ƙwarewar da ba ta mutuwa da mutuwar tallafi: lissafin ƙididdiga, sanin dokar wuta, iya rubutu a taƙaice, da iya bayani da Hausa a gaban mai unguwa da liman. Da waɗannan, in cibiya ta rufe, ma'aikata ko jami'a ko kamfanin wuta, har bankin da ya ƙi yau, za su neme shi.

Shi kuma Alhaji, shawararmu ita ce ya kira ɗansa su zauna bayan sallar isha'i, ya sa shi ya fassara masa takardar ɗaukar aikin layi layi: wa ke biya, na wata nawa ne, kuma in binciken ya fito saɓanin abin da mai kuɗin ke so, wa ke da ikon hana a buga shi. Sa'an nan ya ba shi littafin shago, ya ce ya lissafa masa abin da janareta ya ci a bara, da shekarun da sola za ta yi kafin ta mai da kuɗinta. In amsoshin sun gamsar, ya sa masa albarka ya sallame shi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu koma kan zakkar kayan ciniki inda muka tsaya. Wassalam.