Daga Mayankar Agege Zuwa Tsaunin Mambila

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege ya ga manyan motoci suna sauke shanu. Mai saye yakan tambayi kuɗin sa ne kawai, ba safai yakan tambayi inda san ya fito ba. To, wasu daga cikin shanun nan daga tsaunin Mambila ake ɗauko su, can Jihar Taraba, bakin iyakar Kamaru. A wannan mako za mu bi sawunsu mu koma inda suka fito, domin mu ga irin hanyar da ke ciyar da mu.

Mai barin Agege yakan bi ta Shagamu da Ore da Binin, ya haye gadar Kwara a Anaca, ya wuce Inugu da Otukpo da Gboko, sa'an nan ya isa Katsina-Ala. Daga nan ƙasa takan fara sauya kama, duwatsu su riƙa ɓullowa ta gabas har a shiga Takum. Direbobin da suka san hanyar ba su yarda su bi wannan yanki da dare, saboda ramuka da kuma 'yan fashi.

Kafin a ci gaba, ya kamata matafiyi ya ratse daga Takum zuwa Kashimbila, inda aka datse kogin Katsina-Ala, ruwa ya taru ya zama tafki a tsakiyar duwatsu. Dalilin gina madatsar yana ƙetaren iyaka. A Kamaru akwai wani tafki mai suna Nyos, wanda ke zaune a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Ran 21 ga Agusta, 1986, iska mai guba ta taso daga ƙarƙashinsa cikin dare, ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500. Daga 2001 aka fara kafa bututu domin zuƙe iskar sannu a hankali. Amma masana sun yi gargaɗi kan wani haɗarin dabam, watau gaɓar da ta tare tafkin ba ta da ƙarfi, in ta ɓalle kuwa ruwan zai gangaro ta kogin Katsina-Ala ya afka wa garuruwan Taraba da Binuwai. Saboda haka aka gina Kashimbila ta tare ambaliyar, aka haɗa mata injinan lantarki masu ba da megawat 40, aka ƙaddamar da ita a 2023.

Daga Takum sai a nufi Bali, daga Bali a kama hanyar Serti. A Serti ne hedkwatar Gandun Daji na Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi girma a Nijeriya. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan.

Ainihin aikin yana farawa ne daga Mayo Selbe, gindin tsaunin. Hanya takan riƙa naɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi. Mutanen wurin suna cewa sunan ya samo asali ne daga ladan da 'yan dako ke karɓa a zamanin sule kafin su hau da kaya a ka. Da damina ƙasa kan zaftaro ta toshe hanya, motoci su yi cirko-cirko. Sa'ad da babbar mota ta lalace a kwana, duk wanda ke bayanta ya haƙura.

Wanda ya kai sama kuwa ya ga ikon Allah. Tsaunin ya ɗara mita 1,500 daga doron teku, ciyawa kore shar iyakar ganin ido, ga hazo da sanyin da sai an sa rigar sanyi. Ƙudan tsando ba ya zama a irin wannan wuri, shi ya sa shanu ke yabanya. Ana wuce Mai Samari da Nguroje kafin a kai Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. A Kakara akwai gonakin ganyen shayi inda ake yin Highland Tea.

Ya kamata a tuna cewa mutanen wannan yanki da kansu suka zaɓi zama 'yan Nijeriya, a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, lokacin da Kamaru ta Arewa ta haɗe da ƙasar nan. Tun daga lokacin an sha yi musu alkawari. Mafi girma shi ne tashar lantarki ta Mambila mai megawat 3,050, wadda aka sa hannu kan kwangilarta da kamfanonin Sin a 2017, amma har yau ba a gina ta ba.

Abin da muke kira a kai ya fi wannan sauƙi. Sa yakan rame in ya yi kwanaki a tsaye cikin mota, wani ma ya mutu kafin a iso, asarar kuwa makiyayi da fatake da mai sayen nama a Agege su ke raba ta. Don haka gyaran hanyar Bali zuwa Gembu ba matsalar mutanen Taraba kaɗai ba ce. Lalle ne shugabannin 'yan kasuwar shanu na Legas su haɗa murya da na can, su matsa wa Gwamnatin Tarayya da ta jiha a gyara hanyar, a kuma ajiye motocin kwashe ƙasa a gindin tsaunin kowace damina. Allah Ya kiyaye matafiya, amin.