Ba kowane iri ne iri ba: martani

Malam, ka rubuta cewa wajen farfaɗo da dajin Arewa yawan dashe ne kaɗai abin dubawa, ko da daga gawo guda aka tsinto dukkan irin. Wannan shawara ɓarna ce.

Gawo na dogara ne da ƙudan zuma da sauran ƙwari su kawo masa garin fure daga wani gawon, kuka kuwa jemagu ke yi mata wannan aiki da dare. Idan fili ya cika da 'ya'yan uwa ɗaya, auren zumunci za su yi ta yi, iri ya raunana, cuta ko fari guda ya kwashe su tare. Shi ya sa masana ke cewa a tara iri daga itatuwa aƙalla 25, masu tazara tsakaninsu.

Dubi misalin manoman Maraɗi: tun 1983, kututturan gonakinsu suke reno, kowanne da asalinsa. Jama'ar Dogondutsi da Tibiri, kafin dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta, ku tambayi masu renon tsiro: daga itatuwa nawa aka ɗebo wannan iri?