Fataucin azara: inuwar giginya

Duk wanda ya shiga kasuwar Katako ta birnin Yamai zai tarar da katako iri-iri da ake kawowa daga ƙasashen bakin teku. Amma tun kafin zuwan wannan katako, da azarar giginya magina suke rufin soraye, saboda tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cin ta. Akwai gidajen fatake da suka gaji cinikin nan tun kaka da kakanni: kaka ya yi safara da raƙuma da jakai, uba ya yi da mota, ɗa kuma ga shi da rumfa a kasuwa.

Tushen wannan arziki yana yankin Gaya, cikin jihar Doso, inda dajin giginya na Dallol Mauri da na bakin kogin Isa ya kai wajen hekta 30.000. Shekara da shekaru ana ta sara, ba a damu da shuka ba. Dokar gandun daji ta 1974 ta hana sarar giginya sai da izini, amma izinin daga hukuma yake fitowa, kuɗin ma can suke komawa. Manomin da itacen ke cikin gonarsa ya zama ɗan kallo. Don haka bai ga dalilin renon ƙanana ba, sai dai ya kwashe ƙwallaye ya binne, ya sayar da muruci. Gaskiyar Hausawa: inuwar giginya, na nesa ka sha ki.

An fara gyara a 1992, da dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara. Cikin waɗannan shekaru kuma, da taimakon ƙasar Suwis, ƙauyukan Gaya suka samu ikon tsaron dajinsu da rabo cikin kuɗin azara.

Saura fatake. Giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ba da azara. Wadda falke ke sayarwa yau, a zamanin kakansa ta tsiro. Ya wajaba kowane falke ya ƙi sayen abin da aka saro a ɓoye, ya ƙi ɗanyar azara, ya kuma sa hannu ga shuka ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace. Ma'aikatan gandun daji su ma su riƙe amana wajen ba da izini. Gidan da ke son jika ya gaji rumfa, lalle ne ya bar masa daji.