Kafin mu ce tele ta lalace, mu nemo inda murya ta ɓuya



Ran wata Talata na ɗauki kwamfutata zuwa lakwal don in nuna wa ƴan ajina na CM2 wani ɗan fim na Faransanci a kan yadda ruwan sama ke samuwa. Muka aro tele, muka ci sa'a akwai kuran, na haɗa wayar HDMI, hoto ya fito tas. Kiɗa na tashi, tsawa na rugugi har yara na dariya, amma mai bayanin sai bakinsa ke motsi, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Na ƙara sauti har ƙarshe, kiɗan ya cika aji, muryar tana nan yadda take. Wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ba mu jin abin da yake faɗi." Haka lokacin darasin ya ƙare, yara sun sha kallo, ba su ƙaru da kalma ko ɗaya ba.

Abokan aiki suka ce telen ce ta lalace, wani ya ce a haɗa kuɗi a sayo manyan lasifikoki. Da na koma gida na zauna da abin a natse, sai na tarar babu abin da ya lalace. Ƙanena ne ya taɓa saitin sautin, ya zaɓi 5.1, don a ganinsa lamba mai yawa ta fi kyau.

Finafinai da yawa ana shirya sautinsu a kan hanyoyi shida, shi ake nufi da 5.1: hagu da dama a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu na gefe ko na baya, sai ɗaya na rugugi mai kauri. Maganar mutane galibi a hanyar tsakiya ake zuba ta. Ita kuwa telen da muke da ita a gidaje da makarantu lasifika biyu gare ta. In aka gaya wa kwamfuta akwai shida, sai ta raba sautin gida shida ta aika, wata telen kuma ta karɓi hagu da dama ta watsar da sauran. Muryar ta tafi wurin lasifikar da babu ita. In aka zaɓi stéréo, kwamfutar da kanta ke haɗe hanyoyin su koma biyu, murya ta dawo.

Gyaran bai kai minti biyar ba. A Windows ta Faransanci, irin wadda yawancinmu ke aiki da ita, a buɗe Panneau de configuration, a shiga Son, a ƙarƙashin Lecture a zaɓi sunan telen, a danna Configurer, a zaɓi Stéréo, sannan Tester. In da VLC ake kallo, a leƙa Audio a tabbatar shi ma yana kan stéréo. In babu sauti gaba ɗaya, a duba wayar: HDMI na ɗaukar hoto da sauti, amma VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, hoto kaɗai take kaiwa. In kuma an jona lasifika ta ƙaramin ramin abin saurare, a tura kan wayar ya shige sarai, don in ya tsaya rabi shi ma yana iya haɗiye murya ya bar kiɗa.

Abin da ya fi damuna ya wuce saiti. Mun ɗauka in hoto ya fito aiki ya ƙare. Muna tambayar girman tele da kyan launi, ba mai tambayar ko yaron baya na ji. Alhali yaranmu da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci suka tashi a gida, Faransanci a lakwal suke tsintarsa. Babba da ya san harshen yana iya cike gurbin kalmar da ta kuɓuce masa; yaron da ke koyo ba ya iyawa. Gare shi murya ita ce darasin. In ba ta fita ba, mun tara yara kallon sinima ne kawai.

Na san wani zai ce malami ba makaniki ba ne, aikin da ke kansa ya ishe shi. Gaskiya ne, aji mai cunkoso da tarin takardun gyara ba wasa ba ne. Amma ba wanda ke shiga aji bai duba ko akwai alli ba. Wanda ya yanke shawarar koyarwa da tele, gwada sauti ya shiga cikin shirin darasinsa. A kunna fim ɗin kafin yara su shigo, a je a zauna a bencin ƙarshe, a rufe ido a saurara. In ba ka gane maganar ba, kai da ka san harshen, to yaro ba zai gane ba.

Ku ma iyaye, in kun ga yaro na matsawa jikin tele ko yana ƙara sauti har maƙwabta na ji, kada ku yi saurin yi masa tsawa, kada kuma ku ruga kasuwa ku zubar da jikkuna a kan lasifikoki biyar. Ku fara duba saitin. In an gyara kuma har yanzu yaron ba ya ji kamar sauran, a kai shi likita a duba kunnensa.

Mako na gaba na sake nuna fim ɗin, amma da gangan na fara da saitin da ya ɓaci. Na tambayi yara me suke ji, me ya ɓace, me za mu canza. Muka riƙa canza abu ɗaya, mu gwada, sannan mu wuce na gaba, har muryar ta fito. Yarinyar nan ta bencin baya ita ta danna Stéréo. Tun daga ranar, in za mu kalli wani abu, ita ke zama a baya ta ce mana ko ana ji.

Allah ya sa mu dace.