Ɗan makunnin da ya maido da moto dubu 308 garaji

A watan oktoba na shekara ta 2011, kamfanin Harley-Davidson na ƙasar Amurka ya buƙaci a maido masa moto wajen dubu 308, ƙirar 2009 zuwa 2012, manyan nan na tafiya mai nisa da masu ƙafa uku. Inji lafiya lau, taya lafiya lau. Abin da ya tada hankali shi ne makunnin jar fitilar baya, ɗan ƙarfen da bai wuce babban yatsa ba.

A irin waɗannan moto, birkin baya da mai yake aiki. In direba ya taka, sai man ya matsu cikin siririn bututu, ya tura fatun birki su kama faifan taya. To shi makunnin nan an ɗaura shi ne a jikin hanyar man, matsin man ne ke taɓa shi har fitila ta kama. Ke nan shi ma marfi ne daga cikin marafan da ke tsare man. Maƙeran kuwa sun aje shi kusa da bututun hayaƙi, inda zafi ba ya sassauci. Yau da gobe sai cikinsa ya lalace: wani lokaci fitila ta ƙi kamawa, wani lokaci ta kama ba wanda ya taka, mafi muni kuma man ya dinga zurarewa ta nan. Ranar da ya ƙare, ƙafa za ta nutse har ƙasa, tayar baya ko a jikinta. Kamfanin ya canza makunnin kyauta. An yaba, amma ai kamata ya yi a auna zafin wurin tun moto bai bar masana'anta ba.

Ƴan kabu-kabu na Maraɗi da Damagaram, galibinsu wannan cuta ba ta kama su. Birkin bayansu sandar ƙarfe ce ke jan shi, makunnin kuma ɗan zaren ƙarfe mai naɗi ke fizgarsa daga jikin matakin, babu man da zai zube. Tasu cutar dabam ce. Zaren ya tsinke ko ƙura ta cika makunnin, fitila ta mutu, mai moto bai sani ba, don ba ya ganin bayansa. Wanda ke biye da shi da dare, mota ko kamiyo, shi ma ba zai san an taka birki ba sai ya iso.

Sai dai moto masu faifai a baya suna ta shigowa kasuwa, wasunsu da makunni a kan hanyar mai. Makaniken da ya ga danshi a gindin makunnin irin wannan, kada ya goge da tsumma ya sallami mai shi. Ya buɗe ɗan kwanon man ya duba inda ya tsaya.