Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Abin da Gasar Masters ta 2025 Ta Tabbatar

Gasar Masters ta 2025, wadda aka kammala ranar Lahadi 13 ga Afrilu 2025 a filin Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka, ta ƙare da nasarar Rory McIlroy, ɗan Ireland ta Arewa mai shekara 35 a lokacin, bayan ya yi kunnen doki da Justin Rose na Ingila, kowannensu da bugu 277 a kwana huɗu, har sai da aka mayar da su rami na 18 aka raba gardama. Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya amsa tambayar da ta raba kan masu wasan ƙwallon lambu, wato golf, tun 2022: mene ne ke ba gasa daraja, yawan kuɗin da aka zuba mata ko girman abin da ɗan wasa zai iya rasawa a cikinta? Ra'ayin wannan shafi shi ne na biyun ne, kuma yadda McIlroy ya ci wannan gasa, cikin tuntuɓe da tashi, hujja ce mai ƙarfi a kan haka.

Wajibi ne a fara da bayanin yadda ake lissafin wasan, tun da shi ne ke fito da ma'anar duk abin da ya faru. Filin golf yana da ramuka 18, kuma aikin ɗan wasa shi ne ya kai ƙaramar ƙwallo daga mafari zuwa cikin kowane rami da mafi ƙarancin bugu, yana kauce wa bishiyoyi da ruwa da kwarurrukan yashi da aka shimfiɗa a hanya da gangan. Kowane rami yana da mizani, wato adadin bugun da aka ƙiyasta gwani zai buƙata, uku ko huɗu ko biyar gwargwadon nisansa, kuma mizanin filin Augusta gaba ɗaya 72 ne. Wanda ya gama rami da bugu ɗaya ƙasa da mizani ya samu ragi, wanda ya haura ya yi ƙari, kuma ƙarin bugu biyu a rami guda babban kuskure ne da kan hana gwani kofi. Ana zagaya filin sau huɗu a kwana huɗu, amma bayan kwana biyu akan yi tankaɗe da rairaya, a bar mutum 50 na gaba da waɗanda suka yi daidai da na ƙarshensu, sauran kuma su haɗa kayansu. Ba mai tare ɗan wasa, ba mai ƙwace masa ƙwallo. Abokan gabarsa su ne filin da kuma zuciyarsa.

Gasa huɗu ce ake kira manya a wasan maza: Masters a Augusta, gasar PGA, gasar US Open, da gasar Open ta Birtaniya. Kafin 2025 mutum biyar kaɗai suka taɓa haɗa dukkansu a tsawon rayuwarsu ta wasa, su ne Gene Sarazen a 1935, Ben Hogan a 1953, Gary Player na Afirka ta Kudu a 1965, Jack Nicklaus a 1966, da Tiger Woods a 2000. Wahalar abin tana fitowa idan aka dubi waɗanda suka tsaya a uku: Arnold Palmer da Tom Watson ba su taɓa cin PGA ba, Sam Snead bai ci US Open ba, Lee Trevino bai ci Masters ba, Phil Mickelson kuwa ya zo na biyu a US Open har sau shida ba tare da ya ɗaga kofin ba. McIlroy ya samu ukunsa da wuri, US Open a 2011, PGA a 2012 da 2014, da Open a 2014, yana ɗan shekara 25, sannan ƙofa ta rufe masa ruf, ya shafe fiye da shekara goma bai sake cin babbar gasa ko ɗaya ba.

Augusta ɗin ma da ta rage masa ita ce inda ya fara ɗanɗana kunya a idon duniya. A 2011, yana da shekara 21, ya shiga ranar ƙarshe da ratar bugu huɗu, sai ƙwallonsa a rami na 10 ta kauce har tsakanin gidajen da ke gefen fili, ya yi ƙarin bugu uku a nan, ya gama yinin da bugu 80, Charl Schwartzel na Afirka ta Kudu ya ɗauki kofin. Shekarun da suka biyo baya ba su fi sauƙi ba, domin ya shiga ranar ƙarshe ta Open a St Andrews a 2022 yana cikin masu jagoranci Cameron Smith ya wuce shi, ya rasa US Open ta 2023 da bugu ɗaya, sannan a Pinehurst a 2024 ya ɓarar da gajerun bugu biyu a ramuka uku na ƙarshe, Bryson DeChambeau ya yi nasara. Da wannan kaya a kai ya zo Augusta karo na 17.

Makon ya fara masa da irin abin da aka saba. Ranar Alhamis yana tafiya lami lafiya sai ya tura ƙwallo cikin ruwa a rami na 15, ya yi ƙari biyu, ya sake wani a na 17, ya tashi da 72, bugu bakwai a bayan Rose wanda ya buga 65. Ya farfaɗo da 66 ranar Juma'a da wata 66 ranar Asabar, har ya kwana da ratar bugu biyu a kan DeChambeau, mutumin da ya kayar da shi a Pinehurst, wanda kuma da shi aka haɗa su su fita tare ranar Lahadi. Ratar ba ta wuce rami na farko ba, domin a nan ya yi ƙari biyu na uku a makon. Ya sake tattara hankalinsa ya samu ragi a ramuka na 3 da na 4 da na 9 da na 10, DeChambeau ya fara zamewa, rata ta kai bugu huɗu, har jama'a suka fara ɗauka an gama.

Abin da ya faru a rami na 13 shi ne ya fi nuna halin wannan wasa. Ramin mai mizani biyar ne, kuma wani siririn rafi ya ratsa gaban dandalinsa, wato shimfiɗar ciyawa mai laushi da ke kewaye da ramin. McIlroy ya zaɓi hanyar taka-tsantsan, ya ajiye bugunsa na biyu a gaban rafin don kada ya yi caca, ya rage masa ɗan tsallake da bai kai yadi 90 ba, irin bugun da ya yi sau dubbai tun yana yaro. Ƙwallon ta karkata dama ta gangara cikin ruwa. Ya yi ƙari biyu na huɗu, ya ƙara wani bugu a rami na 14, a daidai lokacin da Rose, can gaba da shi, yake jera ragi kamar ana ƙirga masa. Amma a rami na 15, wanda ya cinye shi ranar Alhamis, inda bishiyoyi suka tare masa hanya ta hagu kuma tafki ke jira a gaban dandali, sai ya ɗauki sandar ƙarfe mai lamba bakwai ya lanƙwaso ƙwallo ta zagaye bishiyoyin, ta tsallake ruwan, ta tsaya kimanin ƙafa shida daga rami. Wanda bugu mai sauƙi ya kayar, shi ne ya tashi da mafi wuya a yinin. Ya samu ragi a nan da kuma rami na 17, ya isa na 18 yana buƙatar mizani kawai, sai ya jefa ƙwallo cikin yashi, ya kuma ɓarar da bugun kimanin ƙafa biyar. A zagayen raba gardama ya tsinci kansa kusan a wurin da ya yi kuskuren minti kaɗan da suka wuce, wannan karon ya ajiye ƙwallon dab da rami, Rose ya kasa zura tasa, shi ya zura, ya durƙusa ya kifa goshinsa a ciyawa yana kuka. Ba a taɓa samun zakaran Masters da ya yi ƙari biyu har sau huɗu a gasa guda ba sai shi.

A nan ne kwatanci da gasar LIV ya zama dole. An fara ta a watan Yunin 2022 da kuɗin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, bisa tsarin da ya cire mafi yawan haɗarin da ke cikin sana'ar: 'yan wasa 48, ramuka 54 a kwana uku maimakon 72, babu tankaɗe, manyan sunaye sun karɓi kwantiragi mai tsoka tun kafin su buga ƙwallo ɗaya, kuma na ƙarshe a gasar farko ya tafi da dala 120,000. Wanda ya ci wannan gasa ta farko, a kusa da Landan, shi ne Charl Schwartzel ɗin nan da ya amfana da faɗuwar McIlroy a 2011, kuma ladarsa ta kai dala miliyan 4, ban da kason ƙungiya. Ladar McIlroy a Augusta a 2025 dala miliyan 4.2 ce. Kuɗin kusan ɗaya ne, amma duk inda aka ambaci Schwartzel, da ragi huɗu da ya jera a ramuka huɗu na ƙarshe a Augusta ake tuna shi, domin a ranar akwai abin da zai iya kuɓuce masa har abada. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu; zomon da aka kawo har gida a ɗaure nama ne, amma ba farauta ba ce.

Adalci ya buƙaci a faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren. 'Yan wasan da suka koma LIV ba ragwaye ba ne, kuma ƙwarewarsu ba ta gudu ba: Brooks Koepka ya ci PGA a 2023, DeChambeau ya ci US Open a 2024, Patrick Reed ne ya zo na uku a Augusta a 2025, gaban Scottie Scheffler da ke riƙe da kambun a lokacin. Kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi tabbacin abinci a sana'ar da ciwon baya guda zai iya kawo ƙarshenta. Sai dai wannan hujja tana komawa ne kan masu kawo ta, domin duk waɗannan abubuwan alfahari a manyan gasanni aka same su, inda ake buga ramuka 72, ake kuma sallamar wanda bai kai ba. Koepka da Mickelson da Dustin Johnson duk tankaɗe ya fitar da su a Masters ta 2025. Haka kuma zargin bai tsaya kan LIV kaɗai ba, tun da hukumar PGA Tour ta Amurka, don ta riƙe taurarinta, ita ma ta ƙirƙiro gasanni na musamman masu dala miliyan 20, da yawansu babu tankaɗe, kuma McIlroy da kansa yana cikin waɗanda suka goyi bayan tsarin. Cutar ta shiga gida biyu ne, kuma maganinta ɗaya ne a duka biyun.

Waɗanda suka sha kaye a Augusta a 2025 su ma shaidu ne. Rose, mai shekara 44 a lokacin, ya samu ragi goma a ranar ƙarshe, ya buga 66, ya zura doguwar ƙwallo a rami na 18 don ya ci gaba da numfashi, sannan ya sake rasa kofin a raba gardama, kamar yadda Sergio Garcia ya yi masa a wannan rami a 2017. Bernhard Langer na Jamus, zakaran 1985 da 1993, ya buga Masters ɗinsa ta ƙarshe yana da shekara 67, kuma da bugu ɗaya tak tankaɗe ya fitar da shi, ba wanda ya ɗaga masa ƙafa don tsufa ko don suna. Da Rose zai iya tabbatar wa kansa kofin da kwantiragi, ko Langer ya samu kwana biyun ƙarshe a matsayin karramawa, da koriyar kwat da Scheffler ya sanya wa McIlroy, wadda ake ba kowane zakara tun 1949, ta ragu a daraja daidai gwargwado.

Wannan ba wanke Augusta ba ne, domin tarihinta yana da tabon da bai kamata a rufe ba. An fara gasar a 1934, amma sai a 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga a cikinta, alhali baƙaƙe ne ke ɗaukar jakar sanduna a filin shekara da shekaru. Ƙungiyar da ta mallaki filin ba ta karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai 1990, mata kuwa sai 2012. Nasarar da aka samu a lokacin da ƙofa ke rufe ga wasu gwanaye ita ma nasara ce da aka rage wa haɗari, kuma abin da Tiger Woods ya yi a 1997, lokacin da ya ci gasar da ratar bugu 12 yana da shekara 21, ya nuna irin abin da wasan ya daɗe yana hana kansa. Ƙa'idar guda ce ta kowace fuska: gasa tana ƙara daraja ne idan duk wanda ya isa zai iya shiga, kuma duk wanda ya shiga zai iya faɗuwa.

Saboda haka abin da ya kamata shugabannin PGA Tour da masu kuɗin Saudiyya su riƙe, a tattaunawar da ta biyo bayan yarjejeniyarsu ta farko ta Yunin 2023, shi ne kada wani sulhu ya taɓa tankaɗe, ko ramuka 72, ko hanyar da matashi marar suna zai bi ya cancanci shiga ya kayar da babba. McIlroy ɗa ne ga ma'aikata daga garin Holywood kusa da Belfast, mahaifinsa ya haɗa ayyuka da yawa, mahaifiyarsa ta yi aikin dare a masana'anta, don ya samu yin wasa, kuma tsarin da ya ba shi damar hawa shi ne ya bar shi shekara 14 da ciwon 2011 ba tare da rangwame ba. Kukan da ya yi a rami na 18 na mutumin da ya san zai iya komawa gida hannu rabbana karo na 17 ne, kuma duk tsarin da ya kawar da wannan yiwuwa zai iya biyan 'yan wasa fiye da haka, amma ba zai sake haifar da irin wannan yammaci ba.