Rage ƙarar mota da araha: a bar wa rufin ɗaki kwaltarsa

Duk ɗan kasuwar da ke loda kaya a kasuwar Arzeke ya nufi Jugu, ko ya miƙa arewa ta Kandi har Malanbil, ko ya ratsa Niki zuwa Cikanda, ba ya buƙatar a gaya masa mene ne ƙarar mota. Daga Paraku zuwa Jugu kimanin kilomita 135 ne, zuwa Malanbil kuwa ya haura 300, kuma akasarinmu cikin tsofaffin motocin da suka gama ƙuruciyarsu a Turai muke cinye wannan tafiya, ƙofa na kaɗawa, rufi na amsawa kamar garwar da ba ruwa. Mutum ya sauka kunne na ƙugi, kai na sarawa, ga ciniki na jiransa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan maganar 'yan gayu ce. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da cewa ƙarar da ta kai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin sauti, bai kamata mutum ya zauna cikinta fiye da awa 8 a rana ba, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Fasinja sau ɗaya yake sha a mako, direba kuwa abincinsa ke nan kullum. Sauya mota kuma ba ta taso ba ga da yawa daga cikinmu, domin tun rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar a 2023, da tsadar man kpayo da ta biyo bayan cire tallafin mai a Najeriya a shekarar ta 2023, aljihun ɗan kasuwar bakin iyaka bai koma daidai ba. Dole mai tsohuwa ya lallaɓa abarsa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Na lura a wasu garejin Banikanni da Zongo an fara wata dabara, a je shagon kayan gini a sayo faifan nan mai fuskar azurfa da ake liƙa wa kwanon rufi idan yana yoyo, a kwance ƙofar mota a shafe cikinta da shi. Hujjar masu yi ita ce kamarsa ɗaya da na kamfani irin su Dynamat da ake sayarwa da tsada, kuma rana ta farko lallai ƙofa takan yi shiru. A nawa ra'ayin wannan araha ce irin wadda ba ta ado, kuma ga dalilina.

Na kamfani roba ce mai danƙo da ake kira butil, dangin wadda ake yin tub na taya da ita, aka ɗora mata fallen alminiyam. Idan ƙarfe ya girgiza, robar da ke tsakaninsa da alminiyam takan shanye motsin. Na rufin ɗaki kuwa, yawancin mai arahar kwalta ce zalla. Mu da ke Borgu da Donga mun san abin da ranar Maris da Afrilu ke yi wa kwalta a kan titi, balle wadda aka manna a jikin ƙarfen motar da ta wuni a tasha, inda zafinsa kan wuce digiri 60. Sai ta yi laushi, ta zame ta taru a gindin ƙofa, ta kama igiyar gilashi, ta toshe 'yan ramukan da ruwan sama ke fita ta ciki, kafin damina ta ƙare tsatsa ta fara cin ƙofa daga ƙasa. Ga wari. Mai ɗaukar gari, da cukwin Fulani, da atamfa ya tambayi kansa ko mai saye zai karɓi hajar da ke tashin kwalta.

Wani zai ce ai kamfanonin mota ma da kansu suna shimfiɗa kwalta a ƙasan mota, duk wanda ya ɗaga kafet ɗin tsohuwar Peugeot 504 ya gani. Gaskiya ne. Amma tasu an haɗa ta ne don wannan aiki, an gasa ta a jikin ƙarfen tun a masana'anta, kuma a kwance take a daɓe, ba a tsaye a jikin ƙofa ko a rataye bisa kan fasinja ba.

Abin da masu sayar da kayan ba su cika faɗa ba shi ne, na gaskiyar ma ba sai an shafe mota da shi kaf ba. Idan aka rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin fallen ƙarfe, a tsakiyarsa inda ya fi faɗi da amo, an samu mafi yawan amfanin. Ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya amsa kamar ganga nan ke buƙata, inda ƙarfe ya lanƙwashe ko aka yi masa ƙarin ƙarfi ka bar shi. Ka goge ƙura da maiƙo, ka danne shi sosai kada iska ta rage a ƙarƙashi. Da wannan lissafi, kwalin da mutum ɗaya zai ƙarar a motarsa zai ishi mutum biyu ko uku. Shi ya sa nake ganin ya kamata direbobin tasha guda su haɗa kuɗi, kamar yadda ake adashi, su ba mai zuwa Kwatano, ko Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano saƙo ya nemo. Akwai ma faifan gini da aka yi da butil ɗin, kuma gane shi ba wuya: yanki ɗan kaɗan ka manna a jikin kwano a tsaye, ka bar shi a ranar azahar. In ya zame, ko ya baƙanta yatsa, ko ya tashi da warin titi, mayar wa mai shago kayansa.

Sauran aikin kuwa da abin da ke hannunmu ake yinsa. Rabin hayaniyar motocinmu ba daga fallen ƙarfe take ba, abubuwa ne biyu ke gogar juna: lamba, murfin but, ƙarfen kaya na bisa rufi, kujerar da notinta ya saki. Tsohon tub daga wurin mai faci, a yanka a cusa tsakani a ɗaure, ya kashe wannan kusan kyauta. Robar bakin ƙofa da ta bushe a sauya ta a wurin masu kayan motocin da aka farfasa. Baƙin soson nan da ake naɗe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi ba ya shan ruwa, ya dace da bayan marfin ƙofa. Amma soson katifa da buhun kaju suna riƙe danshi, kada su kusanci ƙofa ko daɓe, kuma kada a ajiye wani abu mai kama wuta kusa da salansa ko inji. (Mu ma'aikatan rediyo mun daɗe da sanin irin wannan ruɗu, domin kwalin ƙwai da ake mannawa a bangon ɗakin watsa shiri bai taɓa hana kukan zemijan shigowa ba.)

Akwai kuma ƙarar da ban yarda a toshe ta ba ko da kyauta aka ba da kayan. Idan sitiyari na rawa a hannunka da zarar ka kai gudun kilomita 80 zuwa 100, galibi taya ce ke neman balansin ko wili ya lanƙwashe. Idan sai ka taka birki take kakkarwa, faifan birki ne. Idan tana tsaye inji na aiki amma duk jikinta na ɓari, a duba robobin da inji ke zaune a kansu. Ƙwanƙwasa daga ƙasa a hanyar burji mai gargada kuwa, a duba shakazoba, wadda makanikanmu na nan ke kira amortisa, da robobin ƙafa. Babu faifan da ke gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya ɓoye su har ranar da taya za ta fice da cikakken lodi tsakanin Bemberike da Kandi. Saboda haka mai sayen mota ta hannu ya yi hattara, in ya ga tsohuwa ta yi shiru fiye da shekarunta, ya sa a ɗaga ta a duba ƙasa kafin ya ƙirga kuɗi.

Sai batun 'yan duwan. Ƙofar da aka kwance kwanan nan, aka ga azurfa na ƙyalli a ciki, ita ce irin wadda mai bincike ke so ya ɓalle ya ga abin da ke bayanta. Wanda ke ƙetare iyaka ya riƙe rasit ɗin kayan tare da takardun mota, kuma ya roƙi makaniki ya mayar da marfin da ƙusoshin da ake kwancewa, kada ya liƙe shi da gam, don in an ce buɗe ya buɗe cikin minti biyar ba tare da an fasa masa ƙofa ba.